Babana Ya Yi Latti

Shekaranjiya da la'asar ina zaune ina tsintar shinkafa, sai ga ƙwallo ta faɗo mini tsakar gida ta kan katanga. Ba irin ta kanti ba ce, ta tsumma ce, an cusa tsofaffin ƙyallaye a cikin safa an ɗaure bakin da zare. Ni da na ɗauka an daina irinta tun tuni. Yaran suna ta buga ƙofa, "Hajiya, don Allah ƙwallonmu," ni kuwa na riƙe ta na kasa jefa musu. Ba fushi nake ba, ko da yake sun san ni da faɗa a unguwar nan. Nauyinta ne a tafin hannuna ya mayar da ni aji ɗaya, a Wudil, shekarun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan har mutane suka ɗauka talauci ya yi sallama.

Ni 'yar fari ce, don haka ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, mahaifiyar Baba. Mahaifiyata tana Kausani, in ta zo ma ba ta kallona sai dai ta saci ido in ta ga ba kowa. Kunyar 'yar fari kenan, a lokacin ba wanda yake ganin aibunta. Sunan kakar tawa aka sa mini, ita sai take ce mini Takwara. Baba kuwa ba zai iya kama sunan uwarsa ba, sai ya ce mini Uwata. Shi ma ɗan fari ne, ban taɓa jin Kaka ta kira sunansa ba, in za ta ambace shi sai ta ce "na kan hanya." Haka gidanmu yake, kowa yana zagaye sunan kowa.

Kaka tuyar kifi take a bakin titi, kusa da gada, inda manyan motoci suke tsayawa direbobi su ci abinci su yi sallah. Da sassafe take karɓar kifin a hannun masunta, ta gyara, ta wanke, kafin rana ta take man gyaɗa ya yi zafi a kasko. In an tashe mu daga makaranta ba gida nake nufa ba, can nake zuwa in zauna a kan kifaffen bokiti ina ƙulla yaji a takarda.

Baba direban babbar mota ne. A shekarun nan kowa gini yake, gwamnati gini, 'yan kasuwa gini, wanda jiya yake ɗakin kara yau yana cigiyar kwanon rufi. Siminti yake ɗaukowa daga bakin teku can kudu, ya biyo ta Kano ya ratsa garinmu ya yi gabas. Ba shi da ranar zuwa, amma yana da hon ɗinsa. Tun kafin ya hau gada yake danna shi, gajere-gajere sannan ya ja dogo, ko cikin motoci nawa ne sai na gane. Kaka takan yi kamar ba ta ji ba, ta ce, "Takwara, leƙa ki ga wa yake damun mutane," alhali hannunta ya riga ya ware tarwaɗar da ta fi kowace girma. Ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta, tana amsawa tana kallon kasko. Ni kuwa ya ɗaga ni sama ya ce, "Uwata, me aka ajiye mini?" Ba ya daɗewa. Ya ci, ya yi sallah, ya bar mana burodi, ya tafi.

Shi ya dage a sa ni makaranta, shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga kyauta. Kaka ba ta so ba, ta ce me 'ya mace za ta yi da boko in ba rashin kunya ba. Ya ce mata, kansa a ƙasa, shi a hanya ya ga yadda rashin Turanci yake mayar da babba yaro a gaban ɗan sanda, ba ya so Uwarsa ta tashi haka. Aka kai ni gaban mai unguwa, aka ce in ɗora hannu ta saman kai in taɓo kunne, don a ga ko na isa shiga. Na taɓo da kyar, har da ɗan karkatar da wuya, aka rubuta ni.

Ajinmu sabon gini ne, siminti bai gama bushewa ba aka zuba mu ciki. Ba benci, a ƙasa muke zama, mun yi yawa har gwiwar wannan tana cikin haƙarƙarin wancan. Malaminmu saurayi ne siriri, da wando mai faɗin ƙafa da gashi tuli guda, bai daɗe da gama ɗan kwas ɗinsa na koyarwa ba. Littattafai ba su iso ba, aka ce suna hanya, kamar yadda komai yake hanya a lokacin. Shi kuwa bawan Allah bai zauna jira ba, ya mayar da darasin Turanci wasa. Sauran malamai suna yi masa dariya, suna cewa an kawo mana ɗan wasan yara. Mu dai ba mu san karatu muke ba.

Yakan tsaya a gabanmu ya ce mu taɓa kai da Turanci, shi kuma ya kama hancinsa, duk wanda ya bi hannunsa bai bi bakinsa ba ya faɗi. Yakan ce mu tashi, mu zauna, mu tashi, mu zauna, da sauri-sauri har sai mun ruɗe mun zube a kan juna. Akwai wasan rufe ido, kowa ya kife fuska a tafin hannu, Malam ya taɓa yaro ɗaya ya je ya laɓe a bayan ƙofa, sannan ya ce, "Who is missing?" mu buɗe ido mu nemo wanda babu. Dokarsa ɗaya ce, ba a Hausa a cikin wasa. Wanda Hausa ta kuɓuce masa sai aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Out!" ya tashi ya je ya zauna a jikin bango har a gama. Ni da bakin nan nawa, na sha zaman bango.

Amma wanda ya fi duka shi ne na ƙwallon tsumma. Da kansa ya haɗa ta da tsohuwar safarsa. A fitar da mu gindin darbejiya mu yi da'ira, wanda ƙwallo take hannunsa ya yi tambaya ya jefa, wanda ya cafe ya ba da amsa, shi ma ya tambaya ya jefa wa wani. Da farko sunanka kawai ake tambaya. Da muka ɗan ƙware aka kai ga "Where is your father?" Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ba kowa amsarsa. 'Ya'yan manoma, su ne suka fi yawa, nasu yana gona. Wasu nasu yana kasuwa, ɗan masunta nasa yana kogi. Da ya zo kaina na gaya masa sana'ar Baba, ya ɗan yi tunani ya ce in ce, "My father is on the road." Ni kaɗai nake da wannan amsar a duk ajin, wallahi har wani ɗaga kai nake in zan faɗe ta.

Na kai wa Kaka ita da zafinta. Ta saurara, ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Mai faɗa? Wane ne mai faɗan?" Na ce ba mai faɗa ba, mai fada, wato Baba. Ta ce, "Yo shi da ko kaza bai iya kora da tsawa ba? Je ki gaya wa malamin naku, in mai faɗa yake nema ga ki nan." Da Baba ya biyo lokacin rake na faɗa masa, ya sa na maimaita a gaban abokansa direbobi, yana ta dariya yana cewa, "Kun ji Uwata ko? Nan gaba ita za ta riƙa yi mini magana da 'yan sanda." Wannan zuwan shi ne na ƙarshe, amma ba wanda ya sani, don haka ba abin da na riƙe a cikinsa sai dariyar.

Da zafin bazara, kogi ya ja baya yashi ya fito fili, wata rana na taso daga makaranta na tarar da murhun Kaka ba wuta, kasko a kife. Mai fura ta kusa da ita ta ce in wuce gida, ba ta yarda mun haɗa ido ba. A ƙofar gida na ga takalma birjik. A zaure kuma ga yaron motar Baba a zaune da bandeji a kai. Na yi tsalle, na waiga ina neman motar, na ce masa, "Ina Baba?" Ya sunkuyar da kai. Kafin in sake tambaya maƙwabciyarmu ta fizgi hannuna ta yi gidanta da ni, kuma a yammacin nan ƙanin Baba ya ɗora ni a keke ya kai ni Indabo. Aka ce Gwaggo, ƙanwar Baba da take aure a can, ita ce take marmarin ganina. Na yi kwanaki a can ina shan mangwaro har ya yi mini ƙuraje a baki.

Sai da na girma na ji yadda aka yi. Birki ne ya tsinke masa a wani gangare can kudu, Hausawan da suke zaune a garin bakin hanyar suka yi masa sutura a ranar suka binne shi. Ba a kawo komai gida ba sai yaron motar da labari.

Da aka dawo da ni gidan ya koma shiru, sai tabarmin aro a naɗe a jikin bango. Kaka ta rame, carbi ba ya barin hannunta. Na tambaye ta Baba, ta ce, "Hanya ce ta riƙe shi." Ta koma bakin titi da tuyarta. Mutane suna tsayawa suna ce mata ya ƙarin haƙuri, tana cewa da godiya, ni na ɗauka ciwon ƙafarta ake yi wa jaje. Mata suna shafa kaina suna cewa Allah sarki, ana ba ni alewa ba dalili. Na ji daɗin alewar. Kada ka ce wauta ce ta yi mini yawa, shekaruna ba su kai in haɗa wannan da wancan ba, kuma duk wanda na yarda da shi ya haɗa baki a kan kada in sani. Kaka kuwa, matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta yana raye ba, ta ina za ta fara cewa ya mutu, ba ta ma ga gawa ba?

Ranar da na koma makaranta aka fita wasan ƙwallo. Ta zagaya ta zagaya, wani yaro ya jefo mini da tambayar. Na cafe, na ɗaga kai, na ce Baba yana kan hanya kamar kullum. Manyan cikinmu suka kalli juna. Malam ya ɗaga hannu ya tsayar da wasan, ya zo ya tsuguna a gabana. Ya je gaisuwa gidanmu ina Indabo, bai taɓa kawowa a ransa cewa ba a gaya mini ba. A ganinsa yarinya ce take riƙe da tsohuwar amsa don ba ta da wata, shi kuma aikinsa ya ba ta sabuwa. Ya sassauta murya ya ce, "Daga yau ga abin da za ki riƙa cewa. My father is late."

Kai, wannan kalmar ai na san ta! Duk safiya muna jin ta a bakin ƙofar makaranta. In aka buga tsohon ƙarfen motar da aka rataye a bishiya, duk wanda ya iso bayan nan sai malamin da yake tsaron ƙofa ya daka masa tsawa, "You are late!" monita ya zuba masa tsumagiya a ƙafa. Mu ma da Hausarmu latti muke cewa. Ashe abin da ya faru kenan, Baba latti ya yi. Na maimaita da ƙarfi har da murmushi, Malam ya dube ni wani iri, ya shafa kaina, ya ce in jefa ƙwallo.

Da gudu na isa bakin titi ranar. Na ce, "Kaka, Malam ya gaya mini! Ya ce Baba latti ya yi." Tana juya kifi ne, hannunta ya tsaya. Ta ce, "Haka ya ce?" Na ce da bakinsa, da Turanci ma. Ta daɗe tana kallon mai yana tafasa, har gefen kifin ya fara ƙonewa, sannan ta ce, "To. Tunda Malam ya faɗa." Daga ranar ta karɓi kalmar ta riƙe. Kullum da yamma in muna haɗa kaya, ina waigen gada, sai ta ce, "Yau ma ya yi latti, Takwara. Ɗauki bokiti." Matar da ta ce boko rashin kunya ne, ita ce ta fake a bayan kalmar boko guda ɗaya.

Na zama mai lura da masu latti. Da safe ina cikin layi idona yana ƙofa. Na ga wanda ya zo ana tsakar taren safe, na ga wanda ya zo an shiga aji, na ga wani ɗan ƙauye da sai an kusa tara yake isowa, ƙafafunsa sun yi fari fat da ƙura. Abin da na fahimta shi ne, duk wanda ya yi latti, komai daɗewarsa, ƙarshenta shigowa yake. A yi masa bulala ya yi kuka ya zauna. Abin da ya dame ni kawai, wa zai bugi Baba in ya iso, kuma ko zan iya ba da haƙuri a bar shi.

Wata yarinya babba a ajinmu, wadda aka sa makaranta ta riga ta fara tallan goro, muka yi cacar baki da ita a kan wurin zama. Ta ce, "Ke da ubanki ya mutu har kina da bakin magana?" Ban san lokacin da na cakumi kitsonta ba. Da aka raba mu ina haki na ce, "Naki ne ya mutu! Malam da bakinsa ya ce latti ya yi. Ke kin fi Malam sani ne?" Ta yi sororo. Ta ji ana maganar rasuwar a gidansu, amma ita ma a gabanta Malam ya faɗi tasa, kuma a wurinmu maganar Malam ba ta da ta biyu. Sauran yara suka goyi bayana. Na ci wannan faɗan, na koma gida ina jin kaina.

Haka aka tafi har ruwa ya sauka. Kogi ya fara cikowa, gero ya tsiro, rufin ajinmu sabo fil ya fara yoyo ta ramin ƙusa. Kullum ƙwallo ta zo hannuna ina faɗin amsata ba gargada, har Malam yana misali da ni wajen iya furuci. Kullum ina bakin titi ina tace hon ɗin motoci. Wani lokaci wani ya danna gajere-gajere in miƙe, sai in ji bai ja dogon ba in koma in zauna.

Da farkon daminar nan zazzaɓi ya shiga unguwarmu. Ɗan masuntan da yake zama kusa da ni a aji, gidansu yana kallon namu, ya kwanta, kwana kaɗan ya rasu. Wannan ba a iya ɓoye mini ba. Na ji kukan uwarsa da hantsi, na leƙa ta zaure na ga maza sun fito da shi a naɗe a tabarma, ɗan ƙarami, mutum ɗaya ma ya isa ya ɗauka. Kaka ta ja ni ciki ta ce in ce Allah ya jiƙansa, haka ake cewa. Na ce. Na tambaye ta yaushe zai dawo, ta ce wanda ya tafi can ba ya dawowa.

Bayan 'yan kwanaki ana yayyafi, ba damar fita gindin bishiya, Malam ya ce a yi wasan rufe ido. Muka kife fuska. Muka ji sawunsa yana zagayawa, muka ji ƙofa ta yi ƙara. Ya ce, "Who is missing?" Muka buɗe ido kowa yana dube-dube. Sai wani ɗan ƙaramin yaro, wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ajin, ya hango gurbin da yake kusa da ni, ya ɗaga hannu da murna ya kira sunan ɗan masunta. Malam ya girgiza kai a hankali ya ce, "No. He is late."

Ni da karambani, na ga Malam ya yi kuskure, kuma ni ce shaida. Ko hannu ban ɗaga ba na ce, "Malam, ba latti ya yi ba, rasuwa ya yi. Na ga an fita da shi."

Aji ya ɗauka, "Out! Out!"

Malam ya ce su yi shiru. Ranar ce kaɗai na ji ya karya dokarsa da kansa, ya juya Hausa a tsakiyar wasa. Ya ce, "Gaskiyarki, rasuwa ya yi. Ai Turawa kalma ɗaya suke da ita. Wanda ya makara su ce late, wanda Allah ya yi wa rasuwa ma su ce late, kamar yadda muke cewa marigayi. Ba shi ya sa ke ma na koya miki ki riƙa cewa..."

A nan ya tsaya. Ina kallon bakinsa a buɗe, alli a hannunsa. Ya dube ni, na dube shi. Na ji ya ce innalillahi a hankali, sannan ya ce, "Ba a gaya miki ba?"

Na tashi na je na zauna a jikin bango, tunda na yi Hausa kuma doka ce. Mutane suna so in na ba da labarin nan in ce na fasa ihu ko na faɗi. Ban yi ko ɗaya ba. Ban ji komai ba, wallahi, ko ɗigon baƙin ciki. Abin da na sani bangon yana da sanyi, kuma ruwa yana ɗiga daga rufi cikin wani gwangwanin madara da aka tara, ina ta kallonsa yana cika. Yarinyar da aka ɓoye a bayan ƙofa aka manta da ita, sai da ta gaji ta fito da kanta. Malam ya zo ya tsaya a kaina, ya koma. Da aka tashi ya ce zai raka ni gida, na ce ba gida za ni ba, na san hanya.

Na bi hanyar da na saba. Yayyafin ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, akuyoyi sun fito daga inda suka fake. Na tarar da Kaka tana fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika mata ido. Ta miƙo mini kan kifi da yaji na cinye tas, har na tsotse ƙaya. Na zauna a kan bokitina na ƙulla yaji. Motoci suna hawa gada suna sauka suna danna hon, ina jin su kamar yadda kowa yake jin su. Ina kallon Kaka tana ciniki, tana wasa da direbobi, wani ya ce mata ya ƙarin haƙuri ta ce da godiya. A ranar na ji gaisuwar da kunnena sosai.

Da rana ta yi sanyi muka fara haɗa kaya. Ta juye sauran mai a kwalba, ta kife kasko, ta ɗan dubi wajen gada kamar yadda ta saba yi saboda ni. Ta ce, "Yau ma ya yi latti, Takwara. Ɗauki bokiti."

Na ɗauki bokitin. Na ce, "Allah ya jiƙansa, Kaka."

Ba ta juyo ba. Tana sunkuye tana ɗaure bakin buhun gawayi, ta ɗaure, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Can ta ce, "Amin." Ta ɗora tire a ka muka kama hanya, tana gaba ina baya. Ba ta tambaye ni wa ya gaya mini ba, ni ma ban tambaye ta don me ta ɓoye ba, har ta bar duniya ba mu sake tayar da maganar ba.

Malam ya zo gidanmu washegari ya daɗe a zaure yana ba Kaka haƙuri, ita kuma tana ce masa ba shi da laifi. Bai sake sa tambayar uba a wasan ƙwallo ba, aka koma tambayar launin riga da sunayen dabbobi. Da shekara ta ƙare aka yi masa canjin makaranta. Ban riƙe shi da komai ba. Turancin da na ci abinci da shi shekara da shekaru a wurin aiki, a hannunsa na fara ɗaukarsa, kuma da wasa ya koya mini.

Yanzu an daina irin wannan ɓoyon, ko an so ma ba zai yiwu ba. Mutum zai faɗi a hanya, kafin a rufe masa fuska hotonsa ya shiga wayar kowa, yaro ya riga uwarsa gani. Ina yi wa 'ya'yana faɗa a kan haka, suna cewa Hajiya zamani ne. Amma ni ma da aka yi rasuwa a gidana ban aika jikokina ko'ina ba. Na zaunar da su na gaya musu da Hausa, da kalmar da ba ta da fuska biyu, suka yi kukansu tare da kowa aka share musu hawaye. Ni nawa kukan ba a ba ni ranarsa ba. Lokacin da ake yinsa ina Indabo ina shan mangwaro, lokacin da na sani kuma kowa ya riga ya share ido ya koma sana'arsa, na ga ba wurin da zan sa shi. Na yi kukan Kaka, na yi na mahaifiyata, na yi na mijina. Na Baba har yau ban yi ba, kuma ko sunan garin da kabarinsa yake ban sani ba.